Wasan kwaikwayo a Tamale: tarihinsa, sababbin shugabanni da matsayin Hausawan zango

Tamale, babban birnin Yankin Arewa a Ghana, na da filin ƙwallo mai ɗaukar mutum kusan 20,000, da jami'a, da filin jirgin sama, da tashoshin rediyo da talabijin masu yawa. Abin da aka daɗe ana yi wa birnin alkawari shi ne babban zauren wasan kwaikwayo irin wanda Accra ke da shi tun 1992. A 'yan shekarun nan an samu sauyin shugabanci a wuraren da suka shafi harkar al'adu: a fadar Dagbon, a ma'aikatar al'adu ta ƙasa, da kuma cibiyoyin fasaha masu zaman kansu da wani ɗan garin ya gina. Wannan ya sake tayar da tsohuwar tambaya: wa ke riƙe da dandamali, da wane harshe ake magana a kansa, kuma wa ke biyan kuɗin? Ga bayani kan yadda al'amarin yake, da inda Hausawan zango suka tsaya a cikinsa.

Me ake nufi da daidaito a nan?

A Amurka da Ingila, muhawarar daidaito a gidajen wasan kwaikwayo ta ta'allaƙa ne a kan launin fata. A watan Yunin 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd, ɗaruruwan 'yan wasa da marubuta waɗanda ba farar fata ba suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa ga gidajen wasan Amurka, suna ƙorafin cewa fararen fata ne ke riƙe da shugabanci da kuɗi da ikon zaɓen labaran da za a nuna. Tun kafin wannan wasu gidajen sun fara sauya shugabanni. Kwame Kwei-Armah, ɗan Birtaniya wanda ya ɗauki sunan Ghana bayan ya bi diddigin asalin kakanninsa, ya jagoranci wani gidan wasa a Baltimore daga 2011, sannan ya karɓi gidan Young Vic na Landan a 2018.

A Ghana kowa baƙar fata ne a dandamali da bayansa, don haka rarrabuwar ta bi wasu layuka: kudu da arewa, babbar ƙabila da ƙarama, harshen da hukuma ta amince da shi da wanda ba ta amince da shi ba, da kuma wanda ake ɗauka ɗan ƙasa da wanda ake yi wa kallon baƙo. Kundin tsarin mulkin 1992 ya san da wannan. Sashe na 17 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, launi, ƙabila ko addini. Sashe na 35 ya buƙaci a kula da daidaiton yankuna wajen naɗa muƙaman gwamnati, sashe na 39 kuma ya ɗora wa hukuma nauyin raya harsunan ƙasar.

A Tamale matsalar hawa biyu ce. Akwai ƙorafin arewa gaba ɗaya a kan kudu, inda manyan gine-gine da makarantun fasaha da kuɗin talla suka taru. Akwai kuma tambayar cikin gida: a birnin da Dagombawa ke da rinjaye, wane gurbi ya rage wa Hausawa, Gwanjawa, Konkomba, Fulani da sauran ƙananan al'ummomi?

Tamale a taƙaice

Birnin na da nisan kusan kilomita 600 daga Accra. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 374,744 a ƙaramar hukumar birnin Tamale, da wasu 341,711 a Sagnarigu da ke manne da ita. Mafi yawan mazauna Musulmi ne, harshen kasuwa da titi kuma Dagbani. Tamale na cikin masarautar Dagbon, amma fadar babban sarki, Ya-Na, tana Yendi ne a gabas.

Turawan Ingila ne suka ɗaga garin a 1907, lokacin da suka maido da hedikwatar mulkinsu na arewa daga Gambaga. Hausawa sun riga Turawa sanin ƙasar. Shekaru aru-aru fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna ratsa Dagbon zuwa Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, Hausawan garin suka bazu zuwa Kete-Krachi, Yeji, Kumasi, Accra da wasu garuruwa. Cikin waɗanda suka tashi har da shahararren malami kuma mawallafin waƙoƙi Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. A Tamale ta yau sunayen unguwanni irin su Hausa Zongo da Sabonjida suna tuna wa mai wucewa wannan tarihi.

Dandamalin da ya riga zaure

Kafin a san zaure mai kujeru da labule, Dagbon na da nata wasannin na fili. Ginshiƙinsu shi ne makaɗan da ake kira lunsi, masu kaɗa lunga, wata ganga mai kama da kalangu. Sana'ar gado ce, kuma su ne ma'ajiyar tarihin masarauta. A wasu lokuta na shekara sukan zauna a ƙofar fada su kwana suna rera tarihin sarakuna ɗaya bayan ɗaya, abin da ake kira sambanlunga. Akwai kuma masu goge, wanda Dagombawa ke kira gonje. Masaniyar kiɗa 'yar Amurka Jacqueline DjeDje ta rubuta littafi a 2008 tana kwatanta gogen Fulani da na Hausawa da na Dagombawa, shi kuwa John Chernoff ya yi shekaru yana koyon kiɗa a hannun Alhaji Ibrahim Abdulai a Tamale.

A fagen rawa akwai Takai, inda maza sanye da manyan riguna ke zagaye suna haɗa sandunan ƙarfe. Da Tora ta mata. Da Bamaya, wadda maza ke yi cikin shigar mata. Bikin Damba, wanda ke zuwa a watan Maulidi, da bikin wuta na Bugum a farkon shekarar Musulunci, su ne manyan ranakun da gari ke zama dandamali baki ɗaya.

Hannun Hausawa na cikin wannan gado. Tun zamanin Naa Zanjina, wajen shekarar 1700, malamai Hausawa da Wangarawa suka samu gurbi a fadar Dagbon. Sunayen ranakun mako a Dagbani, irin su Atani da Atalaata, duk Bahaushen da ya ji zai gane su. Cikin kiɗan lunsi akwai wanda ake kira Zamanduniya, sunan da ba ya buƙatar fassara. Kiɗan matasa na simpa, wanda ya ɓullo a Yendi a shekarun 1930, ya haɗa salon Dagombawa da na Hausawa da kiɗan da ya hauro daga kudu. Wato Bahaushe ba baƙo ba ne a fagen wasan Dagbon, sai dai gudummawarsa ta narke a ciki har ba a cika kiran ta da sunansa ba.

Yadda aka bar arewa a baya

Giɓin da ke tsakanin kudu da arewa ya samo asali ne daga tsarin mulkin mallaka. Ingila ta mayar da arewa yankin da take karewa daga 1902, ta kuma ɗauke shi a matsayin rumbun 'yan ƙwadago: ma'aikatan haƙar zinariya, leburorin gonakin koko, sojoji da 'yan sanda. An taƙaita ilimin boko da gangan. Makarantar Mfantsipim da ke Cape Coast ta fara aiki a 1876, amma sai a 1909 aka buɗe firamaren gwamnati a Tamale, sakandaren gwamnati ta farko a duk arewa kuwa sai 1951, wadda ake kira Tamasco a yau. Tazarar shekara 75 ke nan. Tun da wasan kwaikwayo na rubuce ya taso ne daga makarantu, arewa ta shiga fagen a makare.

Bayan samun 'yanci a 1957, cibiyoyin da aka kafa domin gina wasan kwaikwayo na ƙasa duk a kudu suka zauna. Efua Sutherland ta buɗe ɗakin wasanta a Accra a 1961 tare da goyon bayan Kwame Nkrumah. A 1962 aka kafa makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ghana da ke Legon, tare da ƙungiyar rawa ta ƙasa ƙarƙashin Mawere Opoku da Kwabena Nketia. Ƙungiyar ta ɗauki raye-rayen arewa irin su Bamaya da Takai ta tsara su domin zaure, ta kai su ƙasashen duniya. Wannan ya ɗaga sunan Dagbon, amma horarwa da albashi da ikon tsara wasan sun tsaya a Legon.

Babban gidan wasa na ƙasa, wanda ƙasar Sin ta gina, an buɗe shi a Accra a ƙarshen 1992, da kujeru kusan 1,500 da ƙungiyoyi uku masu zaman dindindin: ta rawa, ta kaɗe-kaɗe da ta wasan kwaikwayo. Dokar 1991 da ta kafa shi ta ba shi ikon buɗe gidajen wasa a wasu sassan ƙasar. Abin da yankuna suka samu shi ne cibiyoyin raya al'adu da aka fi sani da CNC, ƙarƙashin Hukumar Al'adu ta Ƙasa da aka kafa a 1990. Ta Tamale tana tsakiyar gari, da zaurenta da shagunan masu sana'ar hannu, kuma birnin ya karɓi baƙuncin bikin fasaha da al'adu na ƙasa, NAFAC, a 2010.

A zaɓen 2016 jam'iyyar NPP ta rubuta a kundin manufofinta cewa za ta gina manyan gidajen wasa a hedikwatocin yankuna, farawa da Takoradi, Tamale da Kumasi. Wa'adinta biyu suka ƙare a Janairun 2025 ba a buɗe irin wannan zaure a Tamale ba. Gwamnatocin NDC da suka gabace ta su ma ba su gina ba. Abin lura shi ne arewa ba ta rasa manya a gwamnati ba cikin waɗannan shekaru: Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Mahamudu Bawumia daga 2017 zuwa 2025, John Mahama kuma ya hau shugabanci a 2012, ya sake dawowa a 2025. Samun ɗan yanki a sama bai isa shi kaɗai ya kawo gini da kasafi ba.

Hoton ɗan arewa a wasannin kudu

Daidaito bai tsaya ga gini ba, ya haɗa da yadda ake nuna mutane. Wasan da ya fi shahara a Ghana a ƙarni na 20 shi ne konsat fati, wasan barkwanci da kiɗa na ƙungiyoyi masu yawo gari-gari. Ya faro ne a garuruwan bakin teku bayan yaƙin duniya na farko, kuma 'yan wasan farko irin su Bob Johnson sun kwaikwayi salon Amurka na shafa baƙin fenti a fuska da farin leɓe, salon da a can aka ƙirƙira domin yi wa baƙar fata ba'a. A 1952 E.K. Nyame ya kafa ƙungiyarsa wadda ta mayar da wasan harshen Akan, daga nan ya zama na talakawan kudu.

A irin waɗannan wasanni, da barkwancin talabijin da ya gaje su, ɗan arewa kan fito a matsayin mai gadi, lebura ko ɗan sanda mai gurɓatacciyar Twi, domin a yi dariya. Hoton na da tushe a tarihi: rundunar da Turawa suka kafa a ƙarni na 19 ana kiran ta rundunar Hausa, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki. Amma maimaita shi shekara da shekaru ya taimaka wajen kafe kalmomin raini irin su pepeni da ntafo, waɗanda 'yan arewa ke ƙyama. A idon mai kallo na kudu, Badagombe da Bahaushe da Bafrafre duk abu ɗaya ne. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa 'yan wasan Tamale suka ƙuduri ba da labarinsu da bakinsu.

Daga ƙungiyoyin wasa zuwa fim ɗin Dagbani

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai gane hanyar da aka bi. Kamar yadda ƙungiyar Tumbin Giwa ta tashi daga wasan dandamali ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, haka ƙungiyoyin wasa na unguwannin Tamale suka rungumi kyamarar bidiyo da ta yi araha. Daga nan masana'antar fim ta harshen Dagbani ta tsiro, da ƙungiyarta mai suna NORDRAFIM, wadda sunanta ya haɗa masu wasan kwaikwayo da masu shirya fim na arewa. Wunpini Fatimata Mohammed, malamar jami'a 'yar yankin, ta yi bincike kan tarihin wannan masana'anta, ta kuma nuna tasirin fina-finan Indiya a kanta, kamar dai yadda aka sani a Kannywood.

Labaran sukan zagaya kan zaman aure da kishi, gado, sarauta, tarihin jarumai da rayuwar ƙauye. Kasuwar ta bi ta kaset, ta koma faifai, yanzu kuma ta koma tashoshin talabijin na garin irin su Sagani TV da kuma YouTube da Facebook. Ribar sauyin ita ce Badagombe ya ga kansa a allo a matsayin sarki, malami ko attajiri. Hasararsa kuwa ita ce wasan gaba da gaba ya ja baya, domin ɗan wasa ya fi samun suna a allo, kuma ba shi da zauren da zai dogara da kuɗin ƙofarsa.

Mawaƙan zamani sun nuna cewa masu kallo na nan. Fancy Gadam da Maccasio sun sha tara dubban mutane a filin ƙwallon Tamale, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008. A 2018 Fancy Gadam ya lashe kyautar waƙar shekara ta ƙasa. An haife shi ne a Hausa Zongo, amma da Dagbani ya fi yin waƙa, domin shi ne harshen kasuwar garin.

Wasan wayar da kai: wa ke zaɓen labari?

Tamale cike take da ofisoshin ƙungiyoyin agaji, kuma su ne suka zama manyan masu ɗaukar nauyin wasan dandamali. Salon sananne ne a ƙasar Hausa, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na cikin wuraren da aka raya shi tun tsakiyar shekarun 1970: 'yan wasa su shiga ƙauye, su saurari matsalar mutane, su mayar da ita wasa, a tattauna bayan an gama. A arewacin Ghana ana amfani da shi kan tsabtar ruwa, allurar rigakafi, karatun 'ya'ya mata, auren wuri, zaman lafiya lokacin zaɓe, da ƙaurar 'yan mata zuwa Accra da Kumasi domin dako. Su waɗannan 'yan mata ana kiran su kayayei, kalmar da rabinta na farko Hausa ce.

Wannan aiki ya ciyar da ƙungiyoyi da dama, ya kuma kai wasa ƙauyukan da ba su taɓa ganin zaure ba. Amma yana da nasa cikas. Mai ba da kuɗi shi ke zaɓen jigo, shi ke tsayar da lokaci, kuma da aikin ya ƙare ƙungiyar ta koma zaman jira. Sakamakon haka arewa kan fito a dandamali a matsayin matsalar da za a magance. Wasan da aka shirya domin nishaɗi, ko domin tarihi, ko domin sukar masu mulki, ba shi da mai biya.

Sababbin shugabanni

Sauyi na farko a fada aka yi shi. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi, a rikicin gidajen sarauta biyu, Abudu da Andani. Aka kafa dokar ta-ɓaci da hana fitar dare, wadda ba a ɗage ta a Tamale da Yendi ba sai 2004. A ƙasar da kiɗa da wasa suka fi armashi da dare, kuma makaɗa ke rataye da fada, wannan babban rauni ne. Bayan doguwar sasantawa ƙarƙashin kwamitin manyan sarakuna da Asantehene Osei Tutu na biyu ya jagoranta, aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu a Janairun 2019. A ƙarshen shekarar aka yi Damba a Yendi ƙarƙashin sabon sarki, bayan shekara 17 ana jira.

Sauyi na biyu daga wajen gwamnati ya zo. Ibrahim Mahama, mai fasaha da aka haifa a Tamale a 1987, wanda bai kamata a rikita shi da attajirin ƙanin shugaban ƙasa mai irin sunansa ba, ya yi suna a duniya da lulluɓe manyan gine-gine da tsofaffin buhunan koko da gawayi, har a bikin fasaha na Venis a 2015. Kuɗin da ya samu ya dawo da su gida. A Maris na 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta SCCA a Tamale, sai Red Clay a 2020, inda tsofaffin jiragen sama suka zama azuzuwan yara, sai Nkrumah Volini, wani rumbun ajiya na zamanin Nkrumah da aka yi watsi da shi. A 2024 ya lulluɓe wani ɓangare na ginin Barbican a Landan da ƙyallen da ɗaruruwan masaƙa da maɗinka suka haɗa a filin ƙwallon Tamale, an ɗinka masa tsofaffin rigunan batakari.

Waɗannan cibiyoyi na zane da baje kolin fasaha ne, ba gidajen wasan kwaikwayo ba. Muhimmancinsu ga 'yan wasa shi ne misalin da suka kafa: fili mallakar ɗan gari, shiga kyauta, yaran makaranta su ne manyan baƙi, kuma masu fasaha daga Accra da ƙetare su ne ke tahowa arewa. Rauninsu kuwa shi ne sun dogara da aljihu da sunan mutum ɗaya.

Sauyi na uku a ma'aikata ne. A farkon 2025 Shugaba John Mahama, Bagwanje daga Bole, ya naɗa Abla Dzifa Gomashie ministar yawon buɗe ido da al'adu da fasahar ƙirƙira. 'Yar wasan kwaikwayo ce da ta daɗe a dandamali da talabijin kafin ta shiga siyasa, ta kuma riƙe mataimakiyar minista a wannan fanni daga 2013 zuwa 2017. Ta tarar da dokoki biyu da ke jiran cikakken aiwatarwa: dokar fim ta 2016 da dokar masana'antar fasaha ta 2020, kowacce da tanadin asusun tallafi. Yadda za a raba irin wannan tallafi tsakanin yankuna 16 na ƙasar shi ne abin da 'yan wasan arewa za su sa wa ido.

Akwai kuma Jami'ar Nazarin Ci Gaba, UDS, da aka kafa a 1992 da hedikwata a Tamale, wadda ke da sashen koyar da wasan kwaikwayo a harabarta ta Nyankpala. Ɗalibin arewa ba lallai ne ya tafi Legon kafin ya koyi rubuta wasa ko ba da umarni ba.

Matsayin harshen Hausa

Hausa na da wani irin matsayi mai ruɗani a Ghana. Ita ce harshen da ke haɗa mazauna zango daga Nima a Accra zuwa Kumasi, ko da asalinsu Mosi ne, Zabarmawa, Kotokoli ko Wangarawa. Gidan rediyon ƙasa, GBC, ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, daga wannan al'umma ya fito. Duk da haka Hausa ba ta cikin harsunan da Hukumar Harsunan Ghana ke wallafa littattafan makaranta da su, irin su Twi, Ewe, Ga, Dagbani, Gwanja, Dagaare da Kasem. A ƙidayar jama'a ma Hausawa ba sa cikin manyan rukunan ƙabilu takwas, ana zuba su ne cikin "sauran".

Dalilin na komawa ga kallon baƙunta. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, dubban ɗaruruwa suka fita, ciki har da waɗanda aka haifa a zango. Wannan tabo bai gama warkewa ba. A 2017 aka kafa ma'aikatar raya zango da asusun raya zango. Ma'aikatar ba ta wuce 2021 ba.

A Tamale lamarin ya bambanta da kudu. A Kumasi ko Accra, duk Musulmin da ya fito daga arewa ana iya kiran sa Bahaushe, kuma Hausa ce ke mulkin zango. A Tamale kuwa Musulunci addinin masu gari ne, Dagbani ne harshen rinjaye, jikokin fatake da yawa sun tashi da harsuna biyu, auratayya kuma ta haɗa gidaje. Bahaushen Tamale bai fuskanci irin wariyar da ɗan'uwansa na kudu ke kuka da ita ba, amma harshensa ba shi da gurbi a aji. A watan Oktoban 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu, ɗan majalisa mai wakiltar Tamale ta Kudu, ya ba da umarnin koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Ga yaron zango a Tamale, harshen gida da zai tarar a makaranta Dagbani ne. Tun da daga makaranta ake fara wasan kwaikwayo da gasar al'adu, nan ne ake rasa marubutan Hausa na gobe.

Giɓin da ya rage fina-finan Kano da tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24 ne ke cike shi. Suna riƙe harshen a kunnen yara, amma labarin Kano suke bayarwa. Tarihin Salaga, zaman Bahaushe da Badagombe, ko abin da ya faru a 1969, ba wanda zai kai su dandamali in ba 'yan zangon da kansu ba. Nijar ta nuna cewa ana iyawa ba tare da babban zaure ba: ƙungiyar wasan rediyo ta Damagaram, da 'yan wasa irin su Yazi Dogo, da gasar samariya ta zamanin Seyni Kountché, sun gina wasan Hausa mai ƙarfi da rediyo da filin gidan matasa.

Sauran muryoyin da ba a cika ji ba

Ba Hausawa kaɗai ke gefe ba. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba a gefe ɗaya da Nanumba da Dagombawa da Gwanjawa a ɗaya gefen ya ci rayuka kusan 2,000 bisa ƙiyasin da aka fi ambata, ya kuma sa Konkomba suka fice daga Tamale. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Kumasi a 1996, amma tarihin da lunsi ke rerawa tarihin masu sarauta ne, al'ummomin da ba su da irin wannan fada ba su da irin wannan murya. Fulani makiyaya kuwa sun fi fitowa a labarai lokacin rikici da manoma. Mata na rawa, suna waƙa, suna fitowa a fim, amma gangar lunga gadon maza ce.

Raba tsohon Yankin Arewa gida uku bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 2018 ya sauya lissafi. Gwanjawa sun samu yankin Savannah da hedikwata a Damongo, Mamprusi sun samu yankin Arewa maso Gabas da hedikwata a Nalerigu. Kowanne na da damar gina cibiyar al'adunsa, amma Tamale ta ƙara zama birnin Dagbani, abin da ya ƙara nauyin kula da 'yan tsiraru a kan masu riƙe da cibiyoyinta.

Abubuwan da za a auna sauyi da su

Gogewar Amurka bayan 2020 ta nuna cewa naɗa sabon shugaba ya fi sauya tsari sauƙi: wasu daga cikin waɗanda aka naɗa sun gaji gidaje masu bashi, suka sauka cikin 'yan shekaru. A Tamale ma'aunan a bayyane suke. Na farko, ko za a ga zauren da aka yi alkawari a cikin kasafin kuɗi da kuma a ƙasa, ko a gyara na CNC ya zama yana da fitilu da na'urorin sauti da jadawalin wasanni. Na biyu, kason da zai isa arewa daga asusun fim da na fasaha. Na uku, harsunan da za a ji a gasar makarantu da shirye-shiryen Damba da tashoshin gari. Na huɗu, su wa ke zaune a kwamitocin da ke yanke shawara, mata nawa ne, 'yan zango nawa ne.

Ga Hausawan Tamale, ƙofofin da ke buɗe a yanzu su ne shirye-shiryen Hausa a rediyo, makarantun Islamiyya da ke shirya wasanni lokacin Maulidi da saukar karatu, ƙungiyar NORDRAFIM, sashen wasan kwaikwayo na UDS, da majalisar sarakunan zango da ke da bakin magana da hukuma. Ƙungiyar da ta yi rajista, take da rubutaccen wasa da mutanen da za su hau dandamali, ita ce za a iya sa wa suna a jadawali ranar da aka buɗe zauren.